Rainon Gwaggo Kul

Duk dangin nan, babba da yaro, Gwaggo Kul suke ce mata, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Kalma ɗaya ce ta jawo mata laƙabin. Yaro ya miƙa hannu wajen wuta, ko ya nufi bakin titi, ko ya rarumi wuƙa, ba ta tashi daga inda take zaune, ba ta ma ɗaga murya. "Kul," kawai za ta ce, sai ka ga hannun ya tsaya cak ya koma inda ya fito. Akwai magidanta masu furfura a gemu yau da in ta yi gyaran murya a bayansu sai sun gyara zama.

Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta yi aure, ta zauna lafiya da mijinta mai gyaran agogo har ya rasu, amma tun yana raye 'ya'yan mutane ne cike da ɗakinta. Farkon abin, matar yayanta ce ta rasu ta bar jariri, aka naɗo shi a tawul aka miƙa mata. Daga nan hanya ta buɗe. Wadda ta haihu za ta koma aiki, a kai mata Gwaggo. Wadda ta yi tagwaye ta rasa inda za ta sa kanta, a kai mata Gwaggo. Aronta ake yi gida-gida, har gaba an yi a kanta, wannan ta ce ita ta riga tambaya, waccan ta ce nata yaran sun fi ƙanƙanta.

Ba ta da gida, ba ta da fili, kayanta duka ba su cika jaka biyu ba. Abin da ta mallaka a duniya magana ɗaya ce, kuma kowa ya haddace ta domin ba ta gajiya da faɗa: "Yaro bai taɓa ko ƙonewa a hannuna ba." Gaskiya ne kuwa. Babu karaya, babu ƙuna, babu ɗinki a goshi. Da wannan suna take ci take sha, saboda shi ake tashi a ba ta kujera in ta shigo taro, kuma ta fi son shi da ranta.

Aikin nata da abu biyu take yin sa, kunne da doka. Kunnen Gwaggo ba irin namu ba ne. Tana kicin ta juya wa ƙofa baya za ta gaya maka wane yaro ne ya faɗi, a kan me ya faɗi, kuma kukan na ciwo ne ko na neman a ɗauka. Kukan yunwa daban, na barci daban, na shagwaɓa daban, shi wannan ko waiwayowa ba ta yi. Takan ce yaro ba ya jin ciwo a ɓoye, dole ya yi ƙara, in shi bai yi ba abin da ya taɓa zai yi.

Dokar kuwa ita ce babba ke ɗaukar laifin ƙarami. Ƙane ya fasa kofi, yayarsa ce za ta sha ranƙwashi, don ina idonta yake? Mai kawo ƙara kuma, da shi da wanda ya kawo ƙarar tasa hukuncinsu ɗaya. "Ta yaya ka gani in ba kana wurin ba? Da ka gani me ka yi?" Ta tsani yaro mai kai gulma, ta ce irinsu ne ke girma su raba zumunci. Da wannan doka yara suka koma tsaron junansu, ba sai ta bi su lungu-lungu da gwiwoyinta masu ciwo ba. Iyaye kan ɗan ɓata fuska in sun ga an daki wanda bai yi laifi ba, amma wa zai yi magana? Ga yara lafiya lau, ga natsuwa kamar an yi musu allura.

Jaririn nan na farko da aka miƙa mata a tawul shi ne ya girma ya zama Injiniya. Da ya sayi sabon gida sai ya zo da kansa ya ɗauki jakunkunanta ya sa a mota, ya ce yawon aro ya ƙare, ta zo ta zauna ta huta. Hutun dai ya haɗa da yara biyu, domin matarsa Malama koyarwa take yi, sai yamma take dawowa. Gwaggo ba ta yi ƙorafi ba. Dama hutun da babu yaro a ciki ciwo zai sa mata.

Babbar 'yar shekara shida ce, Gwaggo ta sa mata Rediyo don tun ta buɗe ido take zuba har ta rufe, ko a banɗaki labari take ba wa bokiti. Ƙaramin bai daɗe da cika biyu ba, shi ne Direba. Aikinsa kenan tun safe, ya kama wata farar kujerar roba ya yi ta turawa daga falo zuwa baranda yana kukan mota da baki, duk wanda ya tare masa hanya ya danna masa hon. Gwaggo ta ji daɗin kujerar nan ƙwarai. Ƙararta a kan tayil ita ke gaya mata inda yake ba sai ta ɗaga ido ba.

Ranar da ta iso, Injiniya ya zaga da ita gidan yana ta fara'a. Falo, kicin, ɗakinta mai banɗaki a ciki, ɗakin wanki a bayan kicin da injinsa. Suka fita baranda ta baya, ga ciyawa shimfiɗe, can ƙarshenta kuma ga wani ruwa shuɗi kwance yana ƙyalli. Gwaggo ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Wannan fa?"

"Kwamin ninkaya ne, Gwaggo. Da shi muka tarar da gidan."

"Mutum da hankalinsa ya haƙa rami a bayan ɗakinsa, ya cika shi da ruwa, ya ce ado ne. Rijiya ma murfi ake yi mata."

Ya yi dariya, ya ja ta ya nuna mata tsaron da aka yi. Shingen ƙarfe ya kewaye kwamin, tsayinsa ya kai ƙirjin babba. Ƙofar mai rufe kanta ce, sakatarta can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ya buɗe ya saki, ta koma da kanta ta kulle. Gwaggo ta jijjiga shingen, ta leƙa ruwan, warin maganin da ake zuba masa ya daki hancinta. Tsoro ya shige ta, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta san wuta, ta san titi, ta san matakalar bene. Wannan ne ba ta sani ba, kuma ta ji a jikinta in akwai abin da zai ɓata mata sunan da ta tara, to ga shi nan kwance.

Ba a daɗe ba Malama ta kawo magana, suna shan shayi da safe.

"Gwaggo, akwai wata mai koya wa yara iyo, gida-gida take zuwa. Ko ɗan ƙaramin nan ana koya masa yadda zai juya ya kwanta rigingine ya shaƙi iska in ya faɗa."

Gwaggo ta ajiye kofinta. "Ki nuna wa yaro ruwa abokin wasansa ne, sannan ki ɗauki jaka ki tafi makaranta ki bar ni da shi? Yaron da ya ɗanɗana ba ya hanuwa, 'yata. In za a tsoma su a ruwan nan, a mai da ni inda aka ɗauko ni."

Malama ta dubi mijinta. Shi kuwa, mutumin da leburori ke rawar jiki in ya shigo wurin gini, ya duƙar da kai yana shafa wa burodi bota kamar a kansa aka ɗora aikin. A gaban Gwaggo har yau bai wuce ɗan tawul ba. "A bari su ƙara wayo," ya ce.

"To aƙalla a riƙa gaya musu, in wani abu ya faru su kira babba," in ji Malama.

"Babu abin da zai faru," in ji Gwaggo, ta ɗauki kofinta. Magana ta mutu a nan.

Ta kafa dokarta a ranar. Inda tayil ɗin baranda ya ƙare nan duniyar yara ta ƙare. Wanda ya taka ciyawa zai gane kurensa. Ta ja kunnen Rediyo ta maimaita mata har sai da yarinyar ta iya faɗa ba gargada.

Wata rana Gwaggo na yanka albasa sai ga Rediyo ta faɗo kicin tana haki. "Gwaggo, Gwaggo, Direba yana wajen shinge, ya zura hannunsa ciki." Tsohuwa ta yar da wuƙa, ta manta da ciwon gwiwa, ta je ta sure shi ta dawo da shi baranda. Rediyo na tsaye tana washe baki, jira take a ce mata ta kyauta. Gwaggo ta juyo ta dube ta.

"Daga baranda ba a hango lungun nan. A ina kike tsaye kika gan shi?"

Gwaggo ta cire silifas ta yi mata dukan da ba ta taɓa yi mata ba. Wallahi a nan ne ya kamata a samu wanda zai riƙe hannun tsohuwar nan. Yarinya ta yi abin da ya fi shingen ƙarfe amfani, aka saka mata da duka. Ba mugunta ba ce, tsoro ne ke ɗaga hannun yana saukewa, amma jikin yaro bai san bambanci ba. Rediyo ta yi kukanta ta share hawaye, kuma ta ɗauki karatu, don ba daƙiƙiya ba ce. Gwaggo ta koma kan albasarta tana ganin ta yi maganin abin.

A cikin kwanakin Direba ya tsiri sabuwar sana'a, cire takalmi da jifa. An tsinci ɗaya a kwandon shara, ɗaya a bayan firji. Da uwarsa ta sayo masa sabo ja mai maɗauri, Gwaggo ta nuna Rediyo da yatsa ta ce, "In ya ɓata, ke zan tambaya."

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Rana ta take sosai, iyayen suna wurin aiki, maigadi na can bakin ƙofar waje yana gyangyaɗi. Gwaggo na ɗakin wanki zaune a kan ƙaramar kujera tana ninke kaya, injin na juya wasu. Tana jin kujerar Direba tana gurzar tayil a baranda, ta tafi ta dawo. Sai injin ya shiga matsar ruwa, ya ɗauki wannan rurin nasa da ke girgiza ɗakin duka, ya rufe kowace ƙara. Da ya gama ya lafa, gidan ya yi tsit.

Rediyo ta shigo a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Gwaggo, ta jawo kwandon safa ta fara haɗa kowace da 'yar'uwarta.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Yau an ɗauke wuta a gidan rediyo ne?"

Yarinyar ta ci gaba da haɗa safa.

"Ina ƙaninki?"

Ta ɗaga kafaɗa, idonta na kan safa.

Gwaggo ta kasa kunne. Babu kuka, babu ƙarar faɗuwa, babu abin da ya fashe. A iliminta na shekara da shekaru, inda babu kuka babu ciwo. Ta ce a ranta barci ya ɗauke shi a bayan kujerar falo, dama yakan yi. Ta ɗauki rigar Injiniya ta ninke. Ta ɗauki zanen gado ta kama bakinsa da haɓa ta ninke shi tsaf, gefe da gefe, yadda take so. Har cewa ta yi, "Haka ake so, yarinya ta zauna ta kama aiki."

Rediyo ta miƙo mata safa, hannunsu ya gogi juna. Hannun rigar yarinyar a jiƙe yake sharkaf har kafaɗa. Gwaggo ta kama shi, ta kai hanci. Warin maganin nan ne.

Ba ta san yadda ta tashi ba, ba ta san yadda ta ƙetare ciyawar ba. Ƙofar shingen a buɗe take, farar kujerar roba ta tokare ta. Ruwan na kwance lumui, ko motsi ba ya yi. Direba na ciki a kife, ɗan nesa da baki, ƙafa ɗaya da jan takalmi, ɗaya babu. Matar da ruwa bai taɓa wuce idon sawunta ba ta faɗa da zanenta, ya kai mata ƙirji, ta laluba ta kamo rigarsa ta jawo. Sai a lokacin ta ji muryarta tana kiran maigadi, wata irin murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Suka yi abin da suka sani, kuma abin da suka sani ba shi da yawa. Suka juya shi kai ƙasa, suka bubbuga bayansa, suka jijjiga shi suna kiran sunansa. Da ita da maigadin babu wanda aka taɓa nuna wa yadda ake danna ƙirji a hura wa yaro numfashi. Wani maƙwabci ya fito da mota. A hanya tana rungume da shi, tana shafa kansa tana cewa ya yi kuka, don Allah ya yi kuka. A asibiti likita ya tambaye ta tun yaushe yake cikin ruwan. Zanen gadon nan kawai take gani a idonta. Lokacin da iyayen suka iso an riga an rufe shi da farin ƙyalle.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Ana ta shige da fice, ana ba Malama baki, ana riƙe Injiniya da ke tafiya kamar wanda aka zare wa laka. Gwaggo na zaune a kusurwa, ba ta ci ba ta sha, in an gaishe ta ta ɗaga kai. Ita Rediyo kowa ya ɗauka tana wajen wani. Sai washegari da hantsi Gwaggo ta lura ba ta ji muryarta ba ko sau ɗaya, ta tashi nemanta.

A ɗakin wanki ta same ta, ta cusa kanta tsakanin injin da bango, ta ƙanƙame ɗayan jan takalmin.

"Fito."

Ta fito. Ta ajiye takalmin a ƙasa, ta miƙo tafin hannunta biyu, ta runtse ido. Tun jiya take jiran dukan.

"Sauke hannunki," in ji Gwaggo. "Gaya mini yadda aka yi."

Yarinyar ta yi magana ƙasa-ƙasa, sai da tsohuwar ta duƙa. "Takalminsa ya jefa ta saman shinge. Kin ce in ya ɓata ni za ki tambaya. Na ja kujerarsa na hau na buɗe. Na sa kujerar a ƙofa don kada ta rufe ni a ciki. Ina ɗauko takalmin ban ga ya biyo ni ba, sai na ji tsulum. Na kwanta na miƙa hannu, bai kai ba. Yana ta kallona. Bai yi kuka ba, Gwaggo."

"To me ya sa ba ki kira ni ba? Kin zo kin zauna kusa da ni. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Rediyo ta ɗago ta dube ta da mamaki, kamar an tambaye ta abin da kowa ya sani.

"Za ki ce a ina nake tsaye na gan shi."

Gwaggo ta zame ta zauna daɓas a ƙasa. Baƙin ciki ta sha tun jiya, amma wannan daban ne, kunya ce da tsanar kai suka haɗu suka danne mata ƙirji. Yarinya ta zo wurinta, ta iso da sauran lokaci, ta zauna a gindin ƙafarta da maganar a baki, ita ce ta ɗinke bakin da silifas tun kafin ranar. Sannan ta jawo yarinyar ta ɗora ta a cinya, abin da ba ta saba yi wa yaron da ya wuce goyo ba.

"Saurara da kyau. Wa ke rainonku a gidan nan, ni ko ke?"

"Ke."

"To laifin nawa ne. Ke yarinya ce, takalmi kika je ɗaukowa. Ni ya kamata ina wurin, ban je ba. In babanki ya tambaya, ni zan ba shi amsa. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin kuka ya zo mata, ta cusa fuska a ƙirjin tsohuwar ta yi ta yi har rigar ta jiƙe.

Tambayar ta zo bayan baƙi sun ragu. Su uku ne a falo. Injiniya ya daɗe yana murza hannu kafin ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta.

"Gwaggo, ba tuhuma nake ba. Amma abin ya hana ni sukuni. Yaron nan ko ya hau kujera hannunsa ba ya kaiwa ga sakatar. Wa ya buɗe? Wa ya sa kujerar?"

Yana maganar idonsa na zamewa wajen lungun da ɗakin yara yake. Gwaggo ta dubi Malama, ta ga ita ma can take kallo, fuskarta ta kumbura, idon ya bushe. Gwaggo ta raini yara da yawa, ta san abin da kallo ɗaya na uwa ke yi wa yaro. Ta hango Rediyo tana girma a gidan nan, kullum ta shigo ɗaki uwarta ta tuna, ko ba ta faɗa ba. Ta kuma san abin da amsar za ta ci mata, ba ta ruɗi kanta ba.

"Ni ce," ta ce. "Tabarmar baranda na wanke, na shiga in shanya ta a kan shingen ta ciki don can rana ta fi bugawa. Hannuna da kaya, na tokare ƙofar da kujera. Na fito na manta."

"Ke, Gwaggo?"

"Ni. Tsufa ya zo ban yarda ba."

Injiniya ya rufe fuska da hannu biyu. Malama ta miƙe, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Babu wanda ya tuna ya tambayi ina tabarmar take.

Ba a kore ta ba, kada a yi wa Injiniya sharri. Zama ne ya gagara. In ta shigo kicin Malama ta fita, in ta zauna a falo hira ta ɗauke. Daga baya ya zo yana ta kame-kame, wai ya samo mata ɗaki mai kyau kusa da gidan wata 'yar'uwarsu, babu hawa bene, ga famfo a tsakar gida. Ta ce masa Allah ya yi albarka, kada ya wahalar da kansa da bayani.

Tana haɗa jakunkunanta Malama ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, ban tsane ki ba, Allah ya gani. Amma in na dubi fuskarki shi nake gani. Ki yi haƙuri."

"Kin yi gaskiya, 'yata. Abu biyu zan roƙe ki. Yarinyar nan a kai ta a koya mata iyo, yadda kika ce tun farko. Sannan duk ranar da ta zo miki da magana, komai muninta, ki bari ta gama, kuma kada ki taɓa ta."

Malama ta daɗe tana kallonta. Ba ta tambayi dalili ba, ta ce to.

Ranar da za ta tafi tifa ce tsaye a ƙofar gida, leburori na kwasar yashi a baro suna juyewa a kwamin. Rediyo ta rako ta har mota riƙe da gefen zanenta, ba ta ce uffan ba, sai da ubanta ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Labari ya riga ta isa ko'ina. Dangin da suka yi gaba a kanta suka daina kira, sai gaisuwar nesa. Wasu suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce dama cika bakin ya yi yawa, kuma abin takaici masu faɗar hakan a bayanta suka yi wayo. Wata jikar yayanta ta haihu, ta ɗauko baƙuwa daga wata unguwa ta ba ta raino, ba a ko sanar da Gwaggo ba sai a bakin wasu ta ji. Injiniya na zuwa da kayan abinci, ya zauna a bakin gado ya tambayi gwiwa, ya tashi. Ya ce Rediyo ta fara zuwa koyon iyo, ta kuma fara ɗan magana. Gwaggo ta ce madalla, ta juya tana gyara labule don kada ya ga idonta.

Sabon wurin ɗakuna ne a jere suna kallon tsakar gida, 'yan haya iri-iri, yara kuwa kamar a bakin makaranta. Kunnen Gwaggo bai san an sallame shi daga aiki ba. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin wanda yunwa ke damu, da wanda haƙori ke fito wa, da wanda uwarsa ta ɗaura wa zane ya matse shi. Ba ta cewa komai. Iyayen na gaishe ta da ladabi, su ja hannun 'ya'yansu su wuce ta can gefe.

Wata safiya tana shan shayi sai ga sabuwar 'yar haya, wata matashiya mai ɗinki da ta tare a ɗakin ƙarshe, ta taho da sauri da ɗanta a kafaɗa, ɗan wata bakwai ko takwas mai kumatu, yana tsotsar yatsa.

"Mama, don Allah riƙe mini shi. Zare ya ƙare mini, shagon bakin titi zan je in dawo yanzu."

Gwaggo ta ajiye kofin da sauri har ya ɗan zube. Ta goge tafinta a zane, ta miƙa hannu biyu. Yaron ya saki yatsa ya karkato wajenta.

"Mai ɗinki," wata ta kira daga bakin famfo. "Zo ki ji."

Matashiyar ta ce tana zuwa, ta tafi da yaron a kafaɗa. Maganar ba ta yi tsawo ba, a kunne aka yi ta, amma Gwaggo ba ta buƙatar ji. Ta ga matashiyar ta waiwayo ta dube ta, ta ga hannunta ya ƙara matse bayan ɗanta. Gaskiyar na nan a bakin Gwaggo, magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba, in ta faɗe ta kafin yamma ta zaga dangi duka, har ta isa gidan Injiniya. Ta haɗiye ta.

Mai ɗinki ta dawo tana murmushin dole, tana warware zanen goyo.

"Bari kawai in goya shi, Mama, ai ba nisa. Kada in wahalar da ke."

"Hakan ma ya yi," in ji Gwaggo. "Ki tallafe masa wuya, zanen ya yi ƙasa."

Matashiyar ta gyara ba tare da ta dube ta ba, ta nufi ƙofar fita. Yaron ya juyo da kai daga bayan uwarsa yana kallon tsohuwar har suka sha kwana. Sai a lokacin Gwaggo ta lura hannayenta na nan a miƙe, ta sauke su a hankali ta ɗora a cinya.